Kwalaben Ƙarƙashin Rumbun Mama Ladi

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara, kuma shi ne na farko da nake yi babu lemon kwalba. Wata huɗu ke nan da likita ya duba takardar gwajin jinina, ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, suga ya kama ka. Daga yau kai da lemon kwalba sai dai kallo." Kafin in gama jimami matata ta kwashe duk abin da ke cikin firji ta raba wa masu gadin layinmu a unguwar Gudu. Har yau in na wuce suna gaishe ni da fara'ar da ban san su da ita ba.

Shekara da shekaru, da dabino uku da kwalba biyu masu raɓa nake buɗe baki. Yanzu da an kira magariba sai a turo min kofin zoɓo babu sukari, ko jiƙon tsamiya da citta, in riƙa kurɓa ina yamutsa fuska kamar yaron da aka ɗura wa maɗaci. Mai haɗa min wannan hukunci ita ce yayata, Yaya Talatu, wadda tun da mijinta ya rasu a gidana take yin azumi duk shekara. Ba ta wasa da aikinta, kuma ba ta jin roƙo.

Ranar goma ga wata, mun gama shan ruwa, sai autata Amira ta fito daga ɗakinta da gwangwanin lemo a hannu. Yaya ta fizge shi kafin ta kai baki.

"Wannan abin ne ya kashe kakarku," in ji ta. "Likita ya hana, ina kashe kaina da jinya, ashe wata muguwar maƙwabciya na ɗura mata a ɓoye."

"Kai, Gwaggo! Wace ce?"

"Matar nan. Ba na kama sunanta a wata mai alfarma."

Zoɓo ya sarƙe ni, na yi ta tari har matata ta tashi tana buga min baya. Sunan matar Mama Ladi, kuma ko ɗigo ɗaya ba ta taɓa ba Innarmu ba. Ni na ba ta. Na san Yaya na riƙe da ita a zuci, amma ban taɓa jin zancen ya tsallaka zuwa kunnen 'ya'yana ba sai ranar.

Azumi yakan zagayo ya dawo mazauninsa duk bayan shekara talatin da uku, saboda haka na shekarar da Inna ta rasu ma a irin wannan zafin ya same mu. A Tungan Maje muke a lokacin. Babanmu daga ƙasar Zazzau ya zo sayen doya, wurin ya karɓe shi ya zauna, a nan kuma ya rasu ya bar Inna da mu biyu. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Mama Ladi, dangar kuma tana da kafa daidai wucewar mutum ɗaya. Ta kafar nan ake miƙa gishiri, a ɗebo wuta, a kai gulma a dawo da wata. Mama Ladi 'yar Gbagyi ce, Kirista, manomiyar doya, kuma ita ke gina tulunan da rabin garin ke sha a ciki. Ba ta ɗaukar kaya a ka, sai a kafaɗa, kamar yadda matansu ke yi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Inna ta yi shekara ashirin tana gyara mata, ta gaji ta bari.

Ni ne auta, da sunan nan kuma kowa ke kira na. Shekarata biyu da samun aiki a wata ma'aikatar tarayya, ina sa wando da riga mai guga in bi motar ma'aikata daga Zuba, ina jin duk garin babu wayayye kamata. Da albashina na farko na sayo wa Inna kiret guda na lemon kwalba, na dire a tsakar gida don kowa ya gani. Kafin nan kunu take sha, da fura, da zoɓon da take dafawa da kanta. Ni na ce mata waɗannan na ƙauye ne, uwar ma'aikaci ba ta shan abu a ƙwarya. Ta yi dariya ta ce kumfar na shiga mata hanci. Bayan wata biyu ba ta iya cin tuwo sai da kwalba a gefe. In baƙuwa ta zo sai ta buɗe mata ɗaya ta ce, "Na Auta ne." Ni kuma in ji kaina ya ƙara girma.

Daga baya ƙishi ya fara damunta, ta rame, wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa. Muka kai ta asibiti a Gwagwalada. Likita ya ce suga ne, ya hana lemon kwalba, ya kuma ce kada ta yi azumi. Inna ta ce na farkon ta ji, na biyun kuwa tsakaninta da Ubangijinta ne. Dalilin da ya sa ke nan Yaya ta baro gidan mijinta a Suleja ta dawo jinya, saura kwana kaɗan a ga wata.

Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba. Tun hantsi kwanon rufi ke fara ƙara, da azahar kuwa ko kaza ba ta fitowa daga inuwa. Iska ta tsaya cak. In ka jingina da bango sai ka janye bayanka, in ka kwanta tabarma ta manne maka. Rijiyar gidanmu ta ƙafe, ta masallaci ta koma taɓo. Dawa ta yi ƙasa a rumbu, doyar da ta rage ta iri ce, ba a taɓawa. Mangwaro ne kawai Allah ya wadata mu da shi, shi ma an hana Inna.

Azumin Kirista na kwana arba'in ya haɗu da namu a shekarar, kamar yadda ya haɗu bana. Saboda haka da an sallame asuba Yaya da Mama Ladi za su kama hanyar rafi, dukansu baki a bushe. Rafin babu ruwa a sama. Sai sun tona yashi har gwiwar hannu, su zauna suna jira ya tsattsafo, su riƙa kwalfa da ƙaramar ƙwarya har tulu ya cika. Wani lokaci sai rana ta take suke dawowa, Yaya da nata a ka, Mama Ladi da nata a kafaɗa, suna musu a kan wadda wuyanta zai fara lalacewa. Daga nan Mama Ladi ta wuce gona. Kunyoyin doya sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an sa musu hular ciyawa, in ba haka ba rana ta dafa irin a cikin ƙasa. Ranakun da ba ni da ofis nakan bi ta in taya ta, ni da hannuna na biro, tana yi min tsiya.

"Oga ministiri, wannan hula ne ka sa ko ɗankwali? Ko ɓera ba zai ɓuya a ciki ba."

Inna kuwa wuni take a gindin mangwaro, an jiƙa zane an lulluɓa mata, tana jan carbi, leɓɓanta sun tsattsage.

Da la'asar ake aikin abin shan Inna, kuma Mama Ladi ce shugaba. Ta dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɗan ganyen lemun tsami, wata rana ta jiƙa tsamiya, babu sukari ko ƙwaya. Ta tace ta zuba a wani ƙaramin tulu da ta gina musamman, mai siririn wuya. Sai a binne tulun cikin yashi har wuya, a naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa. Ruwan nan da suka tono da farce, rabin ƙwarya guda a yashi yake ƙarewa, don dai abin ya yi sanyi Inna ta yarda ta sha. Kuma yana yin sanyi, har haƙori ya amsa.

Inna ta kurɓa ta ture. "Ladi, me na yi miki a duniya?"

"Sha, Inna. Ka sha, ka ga 'ya'yan Auta."

"Wannan ai ko akuya ba ta sha."

"Akuya ba shi da suga. Sha."

Ranar biyu ga wata Inna ta kira ni ɗakinta, ta rage murya. "Auta, ko rabin kwalba. Maƙogwarona kamar an zuba toka."

Na ce, "Inna, likita fa ya hana."

"Likita ne ya goya ka?"

Da na so in kare kaina da na ce tausayi ne ya kama ni. Akwai tausayin, amma ba shi kaɗai ba ne. Na ga Yaya da Mama Ladi sun karɓe Inna gaba ɗaya, su ke yi mata komai, ni kuma abin da na iya ɗaya ne tak, shi aka hana. Washegari na saya a wani shago kusa da ofis mai sa ƙanƙara, na naɗe da jarida na tura ƙasan jaka. Ranar Juma'a sai in sayo uku.

Lokacinmu a ƙayyade yake. Da an sha ruwa Yaya za ta ɗauki kwanon ƙosai ta zaga maƙwabta kamar yadda aka saba, ta dawo da na wasu. A wannan ɗan tsakanin nake shiga ɗakin Inna. Nakan danne bakin kwalbar da matashin kai in buɗe, don kada a ji hucinta. Inna ta riƙe da hannu biyu ta sha, ta lumshe ido, ta yi gyatsa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Kai kaɗai ke jin tausayina." Daɗi nake ji. Abin da ya fi ci min rai ke nan har yau, cewa daɗi nake ji.

Matsalar ita ce kwalbar da aka shanye. A zamanin ba a yar da kwalba, mayarwa ake yi, kuma kowa ya ga kwalba a bola sai ya tambayi ta wane gida ce. Ba na iya mayar da ita jaka, don da safe Yaya ce ke kakkaɓe min jakar ta goge min takalmi. Sai na lura rumbun Mama Ladi yana jikin danga, daidai bayan ɗakin Inna, a ɗore kan duwatsu, ƙarƙashinsa akwai duhu inda kaji ke laɓewa. In na zura hannu ta kafar dangar sai in tura kwalbar can ciki. Kajin su watse suna kyarkyara, ni kuma in koma gida ina goge hannu. Kullum ina cewa ranar Asabar zan kwashe su. Ban taɓa ɗaga kai na duba ko akwai mai kallona ba.

Jikin Inna ya riƙa yin baya. Ƙurjin ya buɗe, ƙishi ya ninka, da rana sai ta riƙa gyangyaɗi tana magana. Yaya ta rasa inda za ta sa kanta. Ta rage mata tuwo, ta koma ba ta fate da ganye zalla, ta taka har bayan Zuba neman garafuni da shuwaka. Wata la'asar na same ta a bakin murhu tana kuka, hayaƙi na shiga mata ido ba ta ko kauda kai.

"Auta, me nake yi ba daidai ba? Duk abin da likita ya ce na bi. Ko hannuna ne ba shi da albarka?"

Jakata na rataye a kafaɗata, ina jin sanyin kwalbar a haƙarƙarina. Na ce, "Sai addu'a, Yaya."

Ranar ashirin da shida ga wata Inna ba ta tashi sallar azahar ba. Aka tashe ta tana kiran sunan babanmu. Muka sa ta a bayan akori-kurar masu doya, Yaya ta rungume kanta, Mama Ladi ta riƙe ƙafafun tana kare su daga zafin ƙarfe da zanenta. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta farfaɗo ba. Likita ya ce sugan ya hau sosai, ga jiki babu ruwa. Ya tambaya ko tana shan wani abu mai zaƙi, Yaya ta rantse da Allah ko ɗanɗano. Ina tsaye a bayanta.

Cikin dare ta cika, da safe aka kawo gawar gida. Babu ruwan wanka. Mama Ladi ba ta tsaya kuka ko gaisuwa ba, ta saɓi tulu ta nufi rafi, sawu huɗu ta yi a cikin ranar nan. Da ruwan da ta tono aka wanke Inna, da shi masu jana'iza suka yi alwala. Bayan azahar muka kai ta.

Muna dawowa daga maƙabarta hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe dutsen Zuma. Iskar da muka yi wata biyu muna roƙo ta taso ta kwashe tabarmin 'yan zaman makoki. Sai ruwa ya sauko, na farko a shekarar, kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Mata suka ruga suna tara bokiti da kwanoni suna share hawaye, wata tsohuwa tana cewa Inna ta tafi da rahama. Ni ma na yarda da hakan, har na ji sanyi a raina.

Gidan Mama Ladi ya fi namu tudu. Da ruwan ya ɗan tsagaita, sai kwata ta ɓalle daga ƙarƙashin rumbunta, ta biyo kafar danga ta shigo tsakar gidanmu. Na fara jin ƙarar kafin in gani: ƙwal, ƙwal, ƙwal. Kwalabe ne ke gangarowa suna karo da juna, wasu da guntun jarida a jiki, suka zo suka taru a gindin mangwaron da Inna ke kwanciya. Yaya ta sauka cikin taɓo ta bi sawunsu har danga, ta zura hannu ƙarƙashin rumbun ta zaro sauran. Ta jera su tana ƙirgawa a fili. Ashirin da uku.

Daidai nan Mama Ladi ta shigo ta kafar. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta zo yin gaisuwar da aikin ruwa bai bar ta ta yi ba. Ta durƙusa ta buɗe baki.

"Talatu, yaya..."

"Kada ki ƙarasa!" Yaya ta ɗaga kwalba ɗaya sama. "Ashe da hannu ɗaya kike ba ta zoɓo, da ɗaya kike ba ta guba? Me uwata ta yi miki? Fita! Ba ma son gaisuwarki. Allah ya isa tsakanina da ke!"

Mama Ladi ta dubi kwalaben. Sannan ta ɗago ta dube ni, sau ɗaya. Ni kuma na dubi ƙafafuna, ƙasar kabarin Inna na nan a jikinsu. Kalma biyu ce ake bukata, "ni ne", amma harshena ya ƙi. Tsoron Yaya nake, da tsoron matan da suka cika gidan, da tsoron a ce Auta ɗan boko ya kashe uwarsa. Mama Ladi ta dafa ƙasa ta tashi ta koma ta inda ta shigo.

Washegarin Salla Yaya ta kira kafinta ya toshe kafar da fallen kwano. Ni na riƙe masa kwanon yana buga ƙusa. Zance ya zaga gari, matan unguwarmu suka daina sayen tulunta, har ana cewa kada a ci abin hannunta. Bayan arba'in na samu ɗaki a cikin birni, muka rufe gidan, daga baya muka sayar. Mai karatu zai zaci daga ranar na bar lemon kwalba. Ban bari ba. Na ci gaba da sha shekara talatin da uku, biyu-biyu, sai da likita ya karanto min irin takardar da aka karanto wa Inna.

Kwana biyu na yi da maganar da Yaya ta yi wa Amira a ƙirjina. Rana ta uku bayan la'asar na sami Yaya a kicin tana dafa zoɓona, tana mita.

"Ba ya yin daɗin na da. Matar nan dai muguwa ce, amma ta iya zoɓo."

Na ce, "Yaya, kwalaben nan ni ne."

Ba ta juyo ba. "Waɗanne kwalabe?"

"Na ƙarƙashin rumbu. Ni nake sayo wa Inna daga ofis. Ni nake turawa can."

Ta ajiye ludayin a hankali. "Ashirin da uku?"

"Duka."

Ta kashe gas, ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi, kamar wani baƙo ya shigo mata.

"Ranar da nake kuka a bakin murhu fa?"

"Tana cikin jakata."

"Auta, shekara talatin da uku ina ja wa baiwar Allah Allah ya isa. Har Makka na kai ƙararta, na riƙe mayafina ina kuka ina kiran sunanta. Kana gefena a jirgi, kana shan lemonka."

Na ce ta yafe min. Ta ce ba ita zan fara roƙo ba, ta wuce ɗaki. Ranar nan da ruwan famfo na buɗe baki, babu wanda ya miƙo min kofi. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Safiya ta uku na fito na tarar da ita a falo da mayafi da jaka.

"Ɗauko makullin mota. Na sa an bincika, tana raye."

Da ƙyar na gane Tungan Maje. Inda rafin yake an yi gidajen bulo, ga tankin burtsatse a kowane lungu. Gidanmu ya zama jerin shaguna, kowanne da firji a ƙofa da kiret-kiret na lemo har sama da tsayina. An sare mangwaron. Gidan Mama Ladi ya tsuke ya koma ɗaki biyu da rumbu ɗaya, amma kwanon nan da na riƙe yana nan a jikin danga, ya yi tsatsa, babu wanda ya cire shi.

Tana zaune a inuwar rumbun kan kujera 'yar tsugunno, ta ƙanƙance, yanar ido ta rufe mata gani. Yaya ta yi sallama.

Ta karkata kunne. "Wannan murya Talatu ne."

Yaya ta zube a gabanta ta kama ƙafafunta, kuka ya hana ta magana. Dole ni na yi. Na durƙusa da babbar rigata a ƙasa, na faɗi abin da ya kamata in faɗa a gindin mangwaro. Bai ɗauki minti biyu ba.

"Na sani," in ji ta. "Kullum ina ganin hannunka yana shigowa ta danga. Da agogo."

Yaya ta ɗago. "Mama, kin sani? Don me kika yi shiru na ci miki mutunci a gaban jama'a?"

"Talatu, ranan nan ka binne uwa. In na buɗe baki, ka binne ƙani kuma. Ku biyu ne kawai ya rage. Ni maƙwabci ne, maƙwabci ana iya rasa shi." Ta murza gwiwa. "Kuma ni ma ina da nawa. Na ga hannun tun Inna yana da rai. Na ce tsakanin uwa da ɗa ne, ba ruwana. Da na faɗa maka tun ranan. Wannan na kai wa Allah, ni da shi muna magana har yanzu."

Sai ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Amma kai, oga ministiri. Na ce yaro ne, tsoro ya kama shi, bari a yi sadakan bakwai zai zo. Na ce bari a yi arba'in. Da na ji ka yi aure na ce yanzu ya yi hankali. Me ya kawo ka yau?"

Na so in ce tsoron Allah. Na ce, "Suga ya kama ni, Mama."

"To," in ji ta. "Gara da ka faɗi gaskiya."

Ta sa aka kama ta ta sauko daga kujerar. Yaya na cewa ta zauna, ta ƙi. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta durƙusa a kan tsofaffin gwiwoyin nan, ta lalubo hannun Yaya ta riƙe.

"Ranan nan ban ƙarasa ba," in ji ta. "Talatu, yaya haƙuri?"

Yaya ta amsa. "Da godiya, Mama."

"Allah ya ji ƙan Inna. Allah ya sa ya huta."

"Amin. Amin, Mama."

Na gyara durƙusona ina jira ta juyo kaina, don ni ma uwata ce. Ta saki hannun Yaya, aka mayar da ita kan kujera. Ta nuna bayan rumbu da haɓa.

"Akwai ƙaramin tulu can, mai siririn wuya. Na Inna ne. Talatu, in za ka dafa masa zoɓo ka sa ganyen lemun tsami, tun da can shi kake mantawa. Auta, ɗauka ka kai mota. A kafaɗa."

Na ɗauka a kafaɗa, na ratsa ta gaban shagunan nan mutane na kallon Alhaji da tulu. Yanzu yana barandar gidana a Gudu, a binne cikin bahon yashi, da la'asar ni nake yayyafa masa ruwa da hannuna. Da magariba Yaya ta tsiyaya min ta miƙo ba tare da ta dube ni ba, in shanye ban yamutsa fuska ba.

Ni dai Mama Ladi ba ta yi min gaisuwar Inna ba, kuma ban ga laifinta ba.